Daga zafin Afrilu zuwa ambaliyar Satumba: Yadda yanayi ke juya rayuwa a kwarin Haɗeja

A kwarin Haɗeja, watanni biyar kacal ne tsakanin lokacin da manomi ke sayen fetur domin ya jawo ruwa zuwa gonarsa, da lokacin da zai shiga kwale-kwale ya je duba ko akwai abin da ya rage a wannan gonar. A watan Afrilu ana neman ruwa ido rufe. A watan Satumba kuwa ana cika buhuna da yashi ana tare shi kada ya shiga gari.

Duk shekara, kafin damina ta faɗi, hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, takan fitar da hasashenta na lokacin da ruwa zai sauka da lokacin da zai ɗauke da kuma yawan da ake sa ran samu. Daga baya hukumar NIHSA mai lura da koguna ta biyo da jerin ƙananan hukumomin da ke cikin haɗarin ambaliya. Mutumin Auyo ko Guri ko Kiri Kasamma ba ya mamaki idan ya ji sunan garinsu a jerin. Abin da yake so ya sani shi ne yaushe ruwan zai iso, kuma ina zai bi. Amsar wannan tambaya tana can nesa da garinsu, a saman kwarin.

Tafiyar ruwa daga Filato zuwa Tafkin Chadi

Kogin Haɗeja haɗuwar koguna biyu ne, wato Kogin Kano da na Challawa. Bayan sun haɗe, ruwan ya ratsa Wudil da Ringim kafin ya isa Haɗeja. Daga kudu kuma akwai Kogin Jama'are, wanda ya samo asali daga tsaunukan Filato, ya gangaro ta ƙasar Bauchi da Katagum. A cikin fadamun da ke tsakanin Haɗeja da Nguru ne waɗannan ruwaye ke cakuɗewa, su bazu cikin tafkuna da ƙoramu, sannan abin da ya tsira ya fita a matsayin Kogin Komadugu Yobe. Shi ne ya bi ta Gashuwa da Geidam, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar a yankin Difa, ya ƙare a Tafkin Chadi.

Ruwan sama a wannan doguwar hanya ba ɗaya ba ne. A tsaunukan Filato akan samu sama da milimita 1,200 a shekara. A Kano abin bai cika wuce 800 zuwa 900 ba idan aka ɗauki matsakaicin shekaru masu yawa. A Nguru kuwa wajen 500 ne, wani lokaci ma bai kai ba. Ke nan mafi yawan ruwan da ke cika fadamun Haɗeja baƙo ne, a wani wuri ya sauka. Shi ya sa za ka ga sama garau a Guri, rana tana dukan mutane, amma kogi yana ta hauhawa. Kuma shi ya sa a shekara guda geron da ke kan jigawa zai iya ƙonewa saboda ƙarancin ruwa, shinkafar da ke kwari, tafiyar kilomita biyu kacal, ta nutse.

Ruwan yana tafiya a hankali saboda ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce. Markar da aka yi a Kano cikin Agusta takan nuna kanta a Haɗeja daga ƙarshen Agustan zuwa Satumba. Kafin ta kai Difa, an shiga Oktoba ko Nuwamba, lokacin da damina ta riga ta ɗauke. A Oktoban 2019 Komadugu ya yi cikar da ta raba dubban mutane da gidajensu a Difa, ya cinye gonakin tattasai da na shinkafa, alhali hadari ya daɗe da daina haɗuwa a garin.

Bazara da abin da take ci

Daga tsakiyar Fabrairu sanyin hunturu ke ja da baya. Zuwa Afrilu da farkon Mayu, zafin rana a Haɗeja da Nguru da Gashuwa yakan wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas kusan kowace rana. Abin da ya fi wahalar da jiki shi ne makonnin ƙarshe kafin ruwan farko, lokacin da iska mai laima daga Tekun Atlantika ta fara kutsowa amma ba ta yi kaurin da za ta ba da ruwa ba. A lokacin ne dare ke ƙin yin sanyi, mutane su kwana a tsakar gida suna fifita, ga wutar lantarki ba ta tsayawa. Tsofaffi da jarirai da masu hawan jini su ne suka fi jin jiki, kuma a irin wannan lokaci na zafi da ƙura ne sanƙarau ke yaɗuwa.

A ƙarshen Maris da farkon Afrilun 2024, ana tsakiyar azumi, yankin Sahel ya ga zafin da ba a saba gani ba. A garin Kayes na ƙasar Mali an auna digiri 48.5. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta bincika lamarin, ta ce da ba domin ɗumamar da ayyukan ɗan Adam suka jawo wa duniya ba, da zafin bai kai haka ba. Kayes na da nisa da Haɗeja, amma sashen yanayinsu ɗaya ne.

Ga manomin kwari, zafi lissafin kuɗi ne. A yankin Nguru, ruwan da rana da iska ke iya tsotsewa daga tafki a shekara ya haura milimita 2,000, wato ninki huɗu na abin da sama ke bayarwa. Gonar albasa ko tumatir da ake ba ruwa sau ɗaya a mako cikin Janairu, a Afrilu sai ta nemi sau biyu ko uku. Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, kowane ban-ruwa ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu. Masu hali sun fara komawa injin mai aiki da hasken rana. Marasa hali suna rage faɗin gona.

Alkama ce ta fi nuna yadda damina da bazara ke riƙe da juna. Amfanin sanyi ce. Ana so a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba domin ta yi ƙwaya kafin zafin Maris. Idan ambaliya ta daɗe a kan gona, ƙasa ba ta tsane da wuri ba, shuka za ta makara, alkamar ta haɗu da zafi tana tsakiyar cika ido, sai ƙwayar ta motse. Ruwan Satumba ke nan ya rage buhunan Afrilu. A yankin Haɗeja ne gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin noman alkama na rani a Nuwamban 2023, kuma Jigawa na cikin jihohin da aka fi ɗora wa buri. A ganina, duk lissafin alkamar da aka yi ba tare da duba ranar da ruwa zai janye daga gona ba, lissafin dokin rano ne.

Damina ta dawo, amma da wata fuska

Dattawan yankin ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. A waɗannan shekaru ruwan sama ya ragu ƙwarai a faɗin Sahel, dabbobi suka mutu, Tafkin Chadi ya tsuke. Daga shekarun 1990 ruwa ya fara farfaɗowa. Sai dai abin da ya dawo bai yi kama da abin da ya tafi ba.

Yadda damina ke zuwa sananne ne. Iska mai laima daga kudu maso yamma tana ture busasshiyar iskar hamada zuwa arewa, layin da suke haɗuwa ya yi ta matsawa har ya kai ƙarshen tafiyarsa a Agusta, sannan ya juyo. Shi ya sa ruwa ke kankama a Kano cikin Yuni, a Nguru kuma sai ƙarshen Yuni ko Yuli, kuma Agusta kaɗai kan ɗauki kusan kashi ɗaya cikin uku na ruwan shekara. Mafi yawan ruwan daga manyan hadarurruka yake zuwa, irin waɗanda ke tasowa daga gabas da iska da ƙura, su yi yamma.

Waɗannan hadarurrukan ne suka ƙara ƙarfi. Wani bincike da Christopher Taylor da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature a 2017, bayan nazarin hotunan tauraron ɗan Adam na shekaru 35, ya gano cewa mafiya tsananin hadarurrukan Sahel sun ninka sau uku tun daga 1982. Sun danganta hakan da yadda hamadar Sahara ke ƙara zafi fiye da ƙasashen da ke kudu da ita. Ƙari a kan haka, duk digiri ɗaya da iska ta ƙara na zafi, tana iya ɗaukar ƙarin laima da kusan kashi 7 cikin ɗari. Zafin da ake kuka da shi da ruwan da ake gudu, tushensu ɗaya.

Ma'anar wannan a gona ita ce, jimillar ruwan shekara na iya fitowa daidai a takarda, amma a ƙasa ya zama bala'i. Milimita 100 da ta sauka cikin kwana goma albarka ce. Idan ta sauka cikin dare ɗaya, ƙasa ba za ta iya shanyewa ba, sai ta kwashi taki da yaɓanya ta yi kogi da su, gidajen ƙasa su jiƙe su zube. Bayan nan kuma a iya yin mako biyu ko uku ba ɗigo. Manomin da ya ji an ce za a samu ruwa daidai misali, bai ji abin da ya fi shafarsa ba.

Shekarar 2022 ta nuna haka ƙarara. A faɗin Najeriya ambaliya ta kashe mutum sama da 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi yi wa ɓarna, inda aka rasa rayuka sama da 90. Masanan World Weather Attribution sun ƙiyasta cewa sauyin yanayi ya ninka yiwuwar samun irin ruwan da aka yi a yankin Tafkin Chadi a wannan damina har kusan sau 80. A Agustan 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum. Wata guda bayan haka madatsar Alau ta ɓalle, Maiduguri ta nutse. Alau tana kan wani kogin daban, amma duk wanda ke zaune a ƙasan Tiga ya kwana da abin a ransa.

Madatsun ruwa, yashi da kachalla

Da a ce sama ce kaɗai ta sauya, da maganar ta tsaya nan. Amma kogin ma ba shi ne na da ba.

An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin mulkin Audu Bako, aka kammala ta Challawa da ke ƙasar Ƙaraye a 1992. Su biyun suna riƙe da kusan kashi 80 cikin ɗari na ruwan da ke shiga Kogin Haɗeja. Ba wanda zai musa amfaninsu. Daga gare su birnin Kano ke shan ruwa, da su ake noman rani a Kadawa da Kura, haka kuma aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke Auyo, wanda tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari ya buɗe a farkon 2023 bayan an faɗaɗa shi.

Kafin a gina su, kogin yana da numfashi biyu a shekara. Da damina ya cika ya malale fadama, da rani ya ƙafe ƙurmus. Cikar tana wanke yashi daga hanyar ruwa, ƙafewar tana kashe ciyayin ruwa. A shekarun da suka gabaci madatsun, faɗin ƙasar da ruwa ke malalewa a fadamun Haɗeja da Nguru yakan wuce murabba'in kilomita 2,000. A farkon shekarun 1990 ya koma ƙasa da 1,000. Wannan malalar ita ce abincin yankin: shinkafa idan ruwa ya zo, kifi yana tsakiya, wake da sauran amfani a kan laimar da ya bari, sannan ciyawa ga shanun makiyaya. Masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi lissafi a shekarun 1990, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malale fadama ya fi kawo amfani a kan irinsa da aka tare domin manyan ayyukan noman rani a sama. Ba a ɗauki lissafin da muhimmanci ba.

Yanzu ana sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, kogi ba ya ƙafewa kuma ba ya samun cikar da za ta share shi. Wannan shi ne abin da kachalla ke so: ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya yankewa. Ta mamaye dubban hektoci, ta riƙe yashi da laka, hanyoyin ruwa suka cushe. A ƙasan Haɗeja, inda kogin ke rabuwa, tsohuwar hanyarsa da ta Burum Gana sun toshe sosai, ruwa mai yawa ya karkata ta Marma zuwa tafkin Nguru. Sakamakon haka, wasu garuruwan gonakinsu sun zama tafki na dindindin, wasu kuma a can gaba suna jiran ruwan da ba ya isowa yadda ya saba. Ga kuma jan-baki da ke kwana cikin kachallar, ya wayi gari a kan shinkafa da gero. Duk wanda ya taɓa ganin yara tun asuba suna kaɗa gwangwani a gona ya san ba ƙaramin abu ba ne.

To, a kan wannan cusasshen kogin ne hadarurrukan da suka ƙara ƙarfi ke juye ruwansu. Hanyar da ta rage faɗi da zurfi ba ta buƙatar ruwan da ya kai na da kafin ta yi ambaliya.

Duk lokacin da ruwa ya ci gari, maganar farko da ake ji ita ce an buɗe dam. A Satumban 2010 gwamnatin Jigawa ta zargi masu kula da Tiga da Challawa da sakin ruwan da ta ce ya shafi mutum kusan miliyan biyu, hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are kuma ta musanta, ta ce ruwan sama ne ya yi yawa. Irin wannan jayayya takan ɓoye ainihin tambayar. Idan madatsa ta cika, rarar ruwa za ta bi mafitar da aka gina mata ko ana so ko ba a so, domin in ba haka ba ginin kansa ne zai tafi. Abin tambaya shi ne nawa aka bari a cikinta kafin marka ta fara. A nan ne bazara ke sake shigowa. Mai kula da madatsa yana tsoron ya rage ruwa a Yuni, damina ta zo da ƙaranci, ya rasa abin da zai ba Kano da manoman rani a Afrilu mai zuwa. Idan kuma ya riƙe, Agusta ta zo da ƙarfi, ba shi da wurin ajiye ta. Kowane zaɓi akwai wanda zai biya, kuma har yau mutanen ƙasan kogi ne suka fi biya, alhali ba a cika jin ta bakinsu ba lokacin yanke shawarar.

Kada kuma a manta Kogin Jama'are ba shi da babbar madatsa. Aikin Kafin Zaki da aka fara a ƙasar Ningi shekaru da dama da suka wuce bai kammalu ba. Bauchi na son a gama shi domin noman rani, Yobe da Borno na fargaba, saboda mafi yawan ruwan da ke isa Gashuwa da Geidam yanzu daga Jama'are yake fitowa. Duk wanda zai sake tayar da maganar, ya kamata ya fara zagaya Marma ya ga abin da tare ruwa ba tare da tsarin sakinsa ba ya haifar.

Abin da ake yi, da abin da ya rage

Ba a zauna haka nan ba. Gwamnatin Jigawa ta sayo injinan da ke aiki cikin ruwa domin yashe kogi da cire kachalla, an kuma yi jinga a wurare da dama. Garuruwa da yawa sun daɗe suna gayya, matasa su shiga ruwa da lauje da adda suna buɗe hanya. Inda aka buɗe, ana ganin bambanci. Matsalar ita ce kachalla na dawowa muddin yanayin da ya haife ta yana nan. Jinga kuma, idan ta kare wannan gari, sau da yawa tura ruwan take yi zuwa na gaba.

Tun 2006 jihohi shida da ke cin moriyar waɗannan koguna, wato Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka haɗu a Damaturu suka kafa asusun haɗin gwiwa domin kula da su. Tunanin daidai ne, domin ruwa bai san iyakar jiha ba. Amma abin da masana suka daɗe suna ba da shawara, wato a riƙa sakin ruwa mai yawa a lokacin da ya dace da damina domin ya share hanya ya ciyar da fadama, sannan a rage shi sosai na wani ɗan lokaci da rani domin kachalla ta bushe a ƙone ta, yana buƙatar Kano da Jigawa da Yobe su amince da jadawali guda. Yana kuma buƙatar a faɗa wa manomin rani tun da wuri cewa ga makonnin da ba zai samu ruwa ba. Wannan magana ce mai ɗaci a siyasance, shi ya sa sayen inji ya fi sauƙi.

Akwai kuma abin da bai kai wannan tsada ba. Tun da ruwan da ya wuce ƙarƙashin gadar Wudil yana ɗaukar kwanaki kafin ya kai Haɗeja, makonni kafin ya kai Gashuwa, kwarin yana da abin da Mokwa ba ta samu ba a Mayun 2025, lokacin da ruwa ya afka wa garin cikin dare: yana da lokaci. Ana iya karanta ma'aunin kogi a Wudil da Ringim kowace safiya daga Yuli zuwa Oktoba, a faɗi tsayin ruwan a rediyo da Hausa da Fulatanci da Kanuri da Bade, kamar yadda ake faɗin farashin hatsi a kasuwar Maigatari. Haka ma yawan ruwan da ke cikin Tiga da Challawa. Mai shinkafa a Auyo da ya san ruwa na tafe nan da kwana biyar zai iya yanke wadda ta nuna, ya kwashe buhunan da ke rumbu zuwa tudu, ya kai tsofaffi da yara gidan 'yan'uwa. A halin yanzu, yawancin masu wannan labari suna samunsa ne ta wayar wani ɗan'uwa direba da ya ratso ta Wudil ya ga yadda ruwa ya kusa taɓa gada.